Gaiwa, Kifin Da Malaman Duniya Suka Yi Furfura Suna Karatunsa

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Tudun Wada ta wajen masu kifi ya san yadda ciniki ya ke tafiya a nan Zariya. Mai saye ya kan ɗaga tarwaɗa ya jinjina, ya taya karfasa, in aljihunsa da nauyi ya tambayi giwan ruwa. Amma in magana ta zo kan gaiwa sai ka ga an yamutsa fuska. Wani ya ce ta yi kama da maciji, wani ya ce su a gidansu ba a cinta tun kaka da kakanni. Ko a bakin masu azancin magana ma ba ta fito sai in za a kwatanta wanda wuya ta sa yana cin jikinsa.

To, wannan kifi da mu ke rainawa, akwai manyan malamai a Jamus da Amurka da Sin da Singafo waɗanda suka shiga karatunsa suna samari, har suka yi furfura ba su gama ba. A shekarar 2021 aka karanta kundin gadonta kusan gaba ɗaya, aka tarar ya ninka na ɗan Adam sau 13. Kifin kuwa namu ne, yana nan kwance a fadamun Haɗeja da Nguru da Sakkwato da bakin Tafkin Cadi, amma a ƙasar Sin aka yi karatun. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin, musamman samarinmu da ke Barewa da Alhudahuda da sauran makarantu, waɗanda ke tunanin abin da za su karanta in sun shiga jami'a, don su ga yadda mutum ya kan kafa rayuwarsa ta malanta a kan dabba guda.

YADDA TA KE CIN RANI

Bari mu fara da abin da masuntanmu suka riga Turawa sani. Gaiwa tana da huhu biyu kamar na akuya ko na mutum. Jan naman nan mai kama da matsefi da ke gefen kan kowane kifi, wanda da shi ya ke tace iska daga ruwa, nata ya ƙanƙance, ba ya isarta. Saboda haka tilas ne jim kaɗan ta taso sama ta buɗe baki ta shaƙi iska. In aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa aka hana ta tasowa, mutuwa za ta yi, watau kifi ne da ruwa ke iya ci. Maimakon fuka-fukan kifi kuma, waɗansu sirara guda huɗu gare ta kamar igiyoyi, biyu gaba biyu baya, da su ta ke dogarawa a kan laka. Babbarta ta kan kai tsawon ƙafa 3. Haƙoranta faifai ne masu kaifi da ke fasa katantanwa, kuma ba ta jin nauyin cizon yatsan wanda ya yi mata garaje.

Sa'ad da damina ta wuce, kududdufi ya fara ja da baya, sauran kifaye su kan bi ruwa su koma kogi, waɗanda suka makara kuwa su zama rabon balbela da yara. Ita gaiwa ba ta zuwa ko'ina. Sai ta kafa kai cikin taɓo tana gatsarsa da baki tana fitar da shi ta gefen kai, har ta nutsa kamar taƙi ɗaya ko ƙafa ɗaya. A can sai ta juya ta naɗe, kai yana duban sama, wutsiya ta rufe fuska. Jikinta ya yi ta fid da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama wani kwanso mai kama da takarda, ya lulluɓe ta duka, ba a bar kome ba sai 'yar ƙofa daidai bakinta, inda iska ke biyo ramin ta iske ta. Ƙasa ta bushe ta tsattsage a bisa, shanu su yi ta tattakawa, hunturu ya zo ya wuce, bazara ta zo da zafinta, ita kuwa tana nan, ba ci ba sha, ba fitsari, zuciya na bugawa a hankali. Haka za ta yi wata 7 ko 8. A ɗakin bincike an ga wadda ta yi shekara 3 zuwa 4 a wannan hali, aka zuba mata ruwa ta farka.

Masu haƙar ƙasar tubali a fadama su kan ci karo da ita, har a kan ba da labarin gidan da aka gina da ƙasar fadama, da ruwan sama ya jiƙa bango sai ga kifi ya faɗo tsakar ɗaki. Ko an ƙara wa labarin gishiri ko ba a ƙara ba, tushensa gaskiya ne.

Game da cin jiki kuwa, mutanenmu ba su yi ƙarya ba, sai dai ba da baki ta ke ci ba. Tsokar jikinta ce ke narkewa kaɗan-kaɗan tana zama abincinta, don haka ta kan fito a rame. Har wa yau in wutsiyarta ta guntule, ko ɗaya daga igiyoyin nan huɗu, wata ta kan tsiro ta maye gurbi, da ƙashi da jijiya da kome. Wani malami ɗan ƙasar Barazil, Igor Schneider, shi da almajiransa sun buga bincike a kan wannan tsirowa ta wutsiyar gaiwarmu a 2020.

BA'AMURKEN DA YA BI TA HAR KENYA

Turawa sun fara saninta a rubuce a 1839, sa'ad da wani masani na Ingila, Richard Owen, ya duba wadda aka kawo masa daga kogin Gambiya. Aka yi ta gardama a kan ko kifi ce ko dangin kwaɗi. Amma wanda ya fara tambayar da ta fi amfani shi ne Homer Smith, mutumin Amurka, wanda aka haifa a 1895.

Tambayarsa ita ce: dabbar da ta yi wata da watanni ba ta fitsari, ina ta ke kai dattin jikinta? Ko wace dabba in ta narkar da nama a jikinta, ta kan samu wata guba da a ke kira amoniya. Kifin da ke cikin ruwa ba ruwansa, ruwa ke wanke masa ita nan take. To wanda ke cikin busasshiyar ƙasa fa? A 1928 Smith ya tashi takanas ya tafi Kenya, bakin Tafkin Biktoriya, inda a ke samun wata 'yar'uwar gaiwarmu da mutanen wurin ke kira kamongo. Ya kwaso su ya kai New York, ya sa su cikin laka suka kwanta, ya yi ta aunawa. Ya tarar gaiwa tana tara dattin nan ne a matsayin yuriya, wadda ba ta da guba sosai. Manomanmu sun san sunan, ita ce dai yuriyar da ke cikin farin takin zamani. Sai ta yi ta taruwa a jini da tsoka, har ta kai adadin da ba a ganin irinsa a jikin mutum sai ƙodarsa ta lalace. Ran da ruwa ya dawo, cikin 'yan kwanaki ta zubar da ita duka.

Smith ya rubuta littafi a 1932 ya sa masa suna Kamongo. Amma ba a nan ya tsaya ba. Daga gaiwa ya wuce zuwa ƙodar ɗan Adam, ya yi fiye da shekara 30 yana koyarwa a Jami'ar New York, ya zama uban masana ƙoda na zamaninsa. Hanyar auna yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti guda, wadda likitoci suka gina awonsu na yau a kanta, shi ne kan gaba wajen kafa ta. Ya rasu a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi mutanen Gashuwa da kewayenta ba zai ce wannan karatu wasa ba ne. Ba mu ce akwai maganin ƙoda a jikin gaiwa ba, kada a yi mana mummunar fahimta a je a dafa wa marar lafiya. Abin da mu ke cewa shi ne, mutumin da ya koya wa likitoci awon ƙoda, da laka da gaiwa ya fara.

KUNDIN GADO

Kafin mu ci gaba, sai mun bayyana abin da mu ke nufi da kundin gado, don ba kowa ya shiga ajin kimiyya ba.

Jikin ko wane mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin ko wace ƙwaya akwai wani dogon zare a nannaɗe, wanda masana ke kira DNA. Zaren nan rubutu ne, amma da harufa huɗu kaɗai, waɗanda a ke yi wa alama da A, C, G da T. Yadda aka jera su shi ke faɗa wa jiki yadda zai gina kansa, kuma shi ɗa ke gada daga uwa da uba. Ko wane yanki da ke ɗauke da umarni guda, kamar na launin ido ko na narkar da abinci, mu kira shi saɗara. An rarraba rubutun cikin mujalladai, na ɗan Adam 23, ko wane biyu-biyu. Dukansu a haɗe su ne kundin gado.

Kundin ɗan Adam yana da harufa wajen biliyan 3. An fara aikin karanta shi a 1990, ba a gama ba sai 2003, bayan an kashe kusan dala biliyan 3. Na gaiwarmu kuwa harufa biliyan 40 ne, cikin mujalladi 17. Don masu karatu su gane girman abin, mun yi ɗan lissafi. Da a ce mutum zai zauna yana kiran harafi ɗaya ko wace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, zai gama na ɗan Adam a cikin kusan shekara 100. Na gaiwa kuwa sai ya yi fiye da shekara 1,200.

SHEKARA 34 A KAN TAMBAYA GUDA

A nan ne labarin Axel Meyer ya shigo. Bajamushe ne, an haife shi a 1960. Ya yi karatu a ƙasarsu, sa'an nan ya ƙetara Amurka, ya samu digirin dakta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988. Bai ce ya gama ba, sai ya zauna a ƙarƙashin wani babban malami, Allan Wilson mutumin New Zealand, yana koyon karanta zaren gado, wanda a lokacin sabon ilmi ne. A 1990 su biyu suka buga sakamakon wani gwaji. Sun gwada rubutun gaiwa da na kwaɗo da na waɗansu kifaye, suka ga na gaiwa ya fi kama da na dabbobin tudu masu ƙafa huɗu fiye da na ko wane kifi. Kafin nan da yawa sun ɗauka wannan matsayi na wani kifin teku ne da aka kama a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938, wanda aka yi ta yayatawa a duniya. Abin da za a lura da shi, harufa ɗaruruwa kaɗan suka iya karantawa a wannan gwaji, don iyakar ƙarfin kayan aikin lokacin ke nan. Aka yi ta jayayya da su shekara da shekaru.

Wilson ya rasu a 1991. Meyer ya koyar a Amurka, a 1997 ya koma gida ya zama farfesa a Jami'ar Konstanz. Yawancin aikinsa a kan dangin karfasa ne na manyan tafkunan Afirka ta Gabas da na ƙasar Nikaraguwa, amma bai saki gaiwa ba. Matsalar ita ce kundin ya fi ƙarfin injunan da ke akwai. Injin ba ya karanta zaren gaba ɗaya, sai an yayyanka shi gutsi-gutsi, a karanta ko wane, sa'an nan kwamfuta ta harhaɗa su. To fiye da rabin rubutun gaiwa maimaici ne, jimla ɗaya ta fito sau dubbai a wurare dabam-dabam. Kwatancinsa kamar a yayyaga littafin da rabinsa magana ɗaya a ke ta nanatawa, a ce ka mai da ko wane ɓarɓashi wurinsa. Sai da aka ƙera injunan da ke karanta dogayen gutsattsari, masu harufa dubbai a jere, sa'an nan abin ya yiwu.

A farkon 2021 Meyer da abokin aikinsa Manfred Schartl na Jami'ar Würzburg, da waɗansu malamai da dama, suka buga kundin gaiwar Ostareliya, harufa biliyan 43. Bayan 'yan makwanni sai ga malaman ƙasar Sin, su Kun Wang da Wen Wang na birnin Xi'an da Shunping He na Wuhan, sun fito da na gaiwarmu ta Afirka ta Yamma. A watan Agusta na 2024 kuma su Schartl da Meyer suka kawo na gaiwar Amurka ta Kudu: harufa biliyan 91, ya ninka na mutum sau 30, kuma a lokacin ba a taɓa karanta na wata dabba da ya kai shi girma ba. Daga cikin mujalladansa 19, guda 18 ko wane shi kaɗai ya fi kundin ɗan Adam duka. Meyer yana da shekara 30 da ya fara, yana da 64 da wannan ya fito, kuma abin da shi da malaminsa suka faɗa da harufa ɗaruruwa, biliyoyin nan sun tabbatar da shi.

Me aka gani a ciki? Da farko, girman kundi ba ya nuna yawan umarni. Saɗarorin da ke aiki a jikin gaiwa wajen 20,000 ne, kusan daidai da na mutum. Sauran duk waɗansu gutsattsari ne masu kwafar kansu suna liƙawa nan da can, waɗanda a sauran dabbobi jiki ke danne su, a jikin gaiwa kuwa linzamin ya yi sako-sako. Na biyu, an tarar da saɗarorin da ke yin wani maiƙo da ke shafe cikin huhu don kada ya manne in an fitar da numfashi, irin wanda rashinsa ke wahal da jariri bakwaini. An kuma tarar da masu sansanar ƙamshin da iska ke ɗaukowa, da waɗanda ke aiki a fuka-fukanta irin waɗanda ke tsara hannu da ƙafa a jikin dabbobin tudu. Masana ilmin halitta na zamani suna fassara wannan da cewa dangin gaiwa da dabbobin tudu tushensu ɗaya tun shekara wajen miliyan 400. Wannan fassararsu ce, kuma ba muhawararta ce ta kawo mu ba. Kamannin dai suna nan a rubuce, wanda ya iya karatun zai gani.

Kwanciyar rani ita ma ta samu nata malamai. A Singafo, Yuen Kwong Ip da Shit Fun Chew sun yi kusan shekara 20 suna kwantar da gaiwa a ɗakin bincike suna duba hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, su ga waɗanne saɗarori ke tashi, waɗanne ke barci, a lokacin shiga, da lokacin zama, da lokacin farkawa. A 2021 kuma Irene Salinas da almajiranta a Jami'ar New Mexico suka nuna kwanson nan da kowa ya ɗauka busasshen yauƙi ne kawai, ashe yana da rai: cike ya ke da fararen ƙwayoyin jini da ke tare ƙwayoyin cuta don kada su kai ga fatar mai barci.

Ba gaiwa kaɗai ke zaune inda bai kamata kifi ya zauna ba. A tekun Antatika ruwa ya kan yi sanyi har kusan awo 2 ƙasa da sifiri, inda jinin sauran kifaye zai daskare. Arthur DeVries ya gano a 1969 cewa kifayen wurin suna da wani sinadari a jini mai hana ƙanƙara girma, kuma sai a 1997 shi da Christina Cheng suka gano saɗarar da ke yin sa daga ta narkar da abinci ta samo asali. A Tafkin Magadi na Kenya, wanda ruwansa kanwa ce tsagwaronta kuma zafinsa ya kan kai awo 40, akwai 'yar karfasa da ke zubar da dattinta duka a matsayin yuriya. An gano haka a 1989, kuma cikin masu binciken akwai Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi, ɗan ƙasar. A nan gida ma akwai wani ɗan mitsitsin kifi da aka fara samu a kogin Kiyawa ta wajen Katagum, har wani Bajamushe, Ernst Ahl, ya sa masa sunan kogin a 1928. Shi dabararsa dabam ce: iyaye su kan mutu in kududdufi ya ƙafe, ƙwai ya kwana cikin ƙasa har damina ta zagayo.

TO, MU FA?

Ba za a ce Arewa ba ta taɓa kula da kifinta ba. A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafin Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda William Reed da abokan aikinsa huɗu suka rubuta, cikinsu har da Malam Ibrahim Yaro. A Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur aka buga shi, nan kusa da mu, kuma har yanzu ɗalibai na kafa hujja da shi. A 1968 aka fara binciken Tafkin Kainji, wanda ya haifar da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa. Malamai a Samaru da sauran jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce a kan abincin kifayenmu da girmansu da cututtukansu da kiwonsu. Amma da aka zo karatun kundin gado, sai muka zama masu jin labari.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Zaren gado yana son sanyi, firji kuwa yana son wutar da ba ta yankewa. Magungunan aikin da dala a ke sayensu. Gwajin da aka fara bai san yajin aiki ba, ga shi jami'o'in Gwamnati sun zauna a rufe kusan wata 9 a 2020, da wata 8 a 2022. Bakin Tafkin Cadi kuma, inda kifi ya fi yawa, shekarun tashin hankali sun hana mai bincike zuwa da littafinsa. Sa'an nan hanyar kanta doguwa ce: shekara 4 a digirin farko, 2 a na biyu, 3 zuwa 5 a na dakta, bayan nan a zauna ƙarƙashin wani malami kamar yadda Meyer ya yi. Uban da ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambaya yaushe za a fara cin moriya, kuma ba mu ga laifinsa ba in ya fi son ɗansa ya zama likita ko injiniya.

Duk da haka, a ganinmu ƙofar ba ta taɓa buɗewa kamar yanzu ba. Aikin da ya ci dala biliyan 3 a kan mutum guda, yau a kan yi shi da ƙasa da dala 1,000. Injunan sun iso ƙasar nan: a garin Ede, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke shugabanta ita ta fara karanta kundin ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. A 2021 waɗansu masana na nahiyar nan, da ɗan Nijeriya ThankGod Ebenezer a sahun gaba, suka kafa shirin karanta kundin tsirrai da dabbobin Afirka fiye da 100,000, da nufin a yi aikin a nan gida. Kundin gaiwar da aka karanta a Sin ma ba a kulle shi ba, an ajiye shi a rumbun intanet kyauta. Ɗalibin da ke zaune a Kongo ko Samaru, in ya iya lissafi da sarrafa kwamfuta, yana iya buɗe shi ya yi aiki a kai ba tare da ya taɓa kwalbar gwaji ba.

Amma babban abin da mu ke da shi wanda su ba su da shi, shi ne fadama. Malaman can galibi ta hannun 'yan kasuwa su ke samun gaiwarsu, su kwantar da ita cikin roba a ɗaki mai na'urar sanyi. Su Ip da kansu sun nuna a 2008 cewa wadda ta kwanta a fili da wadda ta kwanta cikin laka ba ɗaya jikinsu ke aiki ba. To ina ga wadda ta kwanta cikin ƙasar Nguru a watan Afrilu? Wane zafi ne ke kai wa raminta da azahar? Wace irin ƙasa ta ke zaɓa, wace ta ke gudu? Gaiwar Rima da ta Cadi da ta Gambiya, rubutunsu ɗaya ne, ko ko wace ta dace da tsawon ranin ƙasarta? Kundin da aka buga ba na dukan gaiwar duniya ba ne, ma'auni ne kawai da za a gwada saura da shi. Waɗannan tambayoyi ba a amsa su daga Konstanz, sai an zo da fartanya. Sarkin ruwa da ya gaji sana'ar, wanda ke duban tsagar ƙasa ya ce a nan ta ke, yana riƙe da rabin amsar a kansa.

Ga shi kuwa lokaci ba ya jira. Tafkin Cadi da ya kai kusan murabba'in mil 10,000 a 1963 ya koma ƙasa da 1,000 a shekarun 1980. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A nan Zariya wanda ya san bakin Kubanni shekarun baya ya ga yadda gine-gine suka ci fadamarta. Gaiwa ta iya jiran ruwa shekara 3, amma ba ta da dabara in an zuba siminti a kan raminta, ko in ambaliyar ta daina zuwa wurin sam. Kuma ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Masu kiwon tarwaɗa sun yi yawa a garuruwanmu, zafi kuwa ƙaruwa ya ke yi. Irin da zai jure zafi da ƙarancin iska a ruwa, cikin kifayen dajin nan za a nemo shi, in suna nan.

Abin da mu ke roƙo bai fi ƙarfin Gwamnati ko jami'a ba. A samu ɗaki guda da firji mai aiki da hasken rana, inda za a tara samfurin kifayen Arewa. Ba sai an kashe kifin ba, ɗan yanki na fiffike kamar ƙwayar shinkafa ya isa, a jefa cikin kwalbar sinadari, a rubuta rana da wuri da sunan da masunta ke kiransa. A aiki ɗalibai su zauna da dattawan Sarkawa da Bade da Buduma su rubuta abin da suka sani da Hausa tun suna raye. In malamin waje ya nemi samfur, a ba shi bisa sharaɗin ɗalibinmu zai bi kwalbar har inda za ta, ya koyi karatun, sunansa ya fito a takardar.

Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kai kuwa, farkon aikin ba ya bukatar fiye da ma'aunin zafi da fartanya da littafin rubutu da masunci ɗaya da ya yarda ya raka shi. Daga watan Disamba zuwa Afrilu ya ke da dama. Da zarar ruwan Yuni ya cika fadama, kwanson ya jiƙe, mai ɗakin ta fice ta tafi neman katantanwa, sai kuma baɗi.